Littafin Taron Masu Burodi

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zama a wannan ɗakin naki da ko miƙa mutum ba ya yi sai ya buge bango? Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwa. Kar ki ce me ya hana ni kira. Kin san injin kwaɓa ya gama da kunnena, in na ɗauki waya sai “iye? iye?” har kati ya ƙare. Shi ya sa na ba direban da ke kawo mana yis wannan takarda.

Mutanen ofishinku sun zo. Shekaranjiya da hantsi, maza biyu da mace ɗaya, da ɗan sikelinsu a jaka. Suka sayi burodi uku da kuɗinsu, suka auna a gabana, suka rubuta. Sai macen ta ce, “Baba, ya aka yi gidajen burodi goma sha ɗaya na garin nan duk suka rage nauyi rana ɗaya, suka ƙara kuɗi rana ɗaya?” Na ce ikon Allah. Ta dube ni kawai ta ce, “Allah ya ƙara lafiya, Baba.” Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ba ikon Allah ba ne, Auta, mu ne. Kin san shekara goma sha huɗu ke nan ni ne sakataren ƙungiyar masu burodi, don kawai rubutuna ya fi nasu kyau. Asabar ɗin farkon kowane wata mukan zauna a bayan shagon Shugaba, mu tsayar da kuɗi, mu tsayar da nauyi, mu raba unguwanni, wane kar ya kai burodi layin wane. Ni kuwa in rubuta a koren littafin nan, kowa ya sa hannu. Ban taɓa ganin abin a matsayin laifi ba. Fulawa ta hau, itace ya hau, me za mu yi?

Akwai dai abu ɗaya da ke hana ni sakewa. Bara wata mata da mijinta ya rasu ta gina ƙaramar tanda a bakin tasha, tana sayar da nata a tsohon nauyi. Aka aika mata ta shigo ƙungiya ta ƙi. Sai aka ce a rubuta wa dilolin fulawa cewa duk wanda ya sayar mata, mu sha ɗaya mun bar shagonsa. Ni na rubuta. Wata huɗu ta yi ta rufe. Yanzu wanke-wanke take yi a wani gidan abinci, ni kuma na canza hanyar zuwa tasha.

To ki faɗa mini gaskiya, me Hukumar taku ta kare masu saye take yi wa irinmu? Shugaba ya ce kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, za su gaji su tafi. Ni ba kaina nake ji ba, tandar nake ji. Baba ya gina ta da hannunsa, ya bar mana ni da ke, da ita aka yi karatunki. Tun da maman yara ta rasu, yaran kuma kowa ya kama gabansa, in ba ita ba ban san me zai tashe ni da safe ba.

Ki ci abinci, wancan zuwan kin dawo kamar tsinken tsintsiya.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yayana,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na sami takardarka, na karanta ta sau uku. Ina gaishe ka da gwiwa, ina kuma roƙonka ka riƙa shafa maganin nan, ba ka ajiye shi a kan taga yana kallonka ba.

Yaya, bari in fara da abin da ba zan iya ba. Ni ba mai bincike ba ce. A kantar karɓar takardu nake. Ban san komai a kan binciken garinmu ba, ko da na sani ma, na yi rantsuwa ba zan faɗa ba. Abin da zan gaya maka shi ne abin da ke rubuce a takardar da muke ba kowa kyauta, ga guda nan na sa maka a ciki.

Abin da kuke yi a bayan shagon Shugaba laifi ne, babba ma kuwa. Doka ta yarda kowa ya sa kuɗin da ya ga dama a kan kayansa. Abin da ta hana shi ne ku haɗa baki, har mai saye ya rasa inda zai juya. Da ka zauna kusa da ni yini ɗaya da ka gane. Kullum mutane ne ke shigowa da abu a leda. Wani kwan fitila da ya mutu a daren da aka saye shi, wata madarar jariri da aka goge kwanan watanta, wani tsoho da dutsen guga. Sukan ɗora mini a kan kanta su tsaya suna kallona, don duk inda suka je kafin nan an kore su. Nakan ji kunya in na tuna burodinmu ma yana iya zuwa a irin wannan leda.

Tarar haɗa baki tana da nauyi, gida irin namu ba ya ɗaukarta. Amma akwai ƙofa ɗaya, ka duba shafi na biyu. Duk wanda ya fara zuwa da kansa cikin masu haɗa bakin, ya faɗi gaskiya, ya kawo hujja, ana yafe masa gaba ɗaya. Na biyu ragi kaɗan ake masa. Sauran kuwa sai abin da aka yanka musu. An yi haka ne da gangan, don kowa a cikinku ya riƙa tsoron kar wani ya riga shi.

Don Allah ka lura da kalmar nan, na farko. Mutum ɗaya ne. Aikina ke nan duk yini: a miƙo takarda, in sa ta a injin hatimi ya buga rana da ƙarfe da minti, in ba ta lamba a rajista. Injin bai san zumunci ba, kuma ba ya buga takarda biyu a minti ɗaya. Littafin yana hannunka. Ka ɗauko shi ka taho, kar ka gaya wa kowa, ko da inuwarka ce.

Ka ce in ci abinci. Ina ci, a kan teburina, in kowa ya fita. Shekara shida a nan ba wanda ya san 'yar gidan burodi ce ni. Da yamma in na biyo ta wani layi da ake gashi, nakan rage tafiya har sai na wuce ƙamshin. Takardarka ce ta farko da aka rubuto mini ni kaina tun da na zo garin nan, sauran duk na ofis ne.

Allah ya ba mu mafita. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Salama da gaisuwa. Oho, yanzu har ni ake karanta wa shafi na biyu! Yarinyar da na koya wa riƙe fensir. To na ji, ranki ya daɗe, na kuma yanke shawara. Zan zo.

Sai dai kar ki yi faɗa. Na gaya wa mutum ɗaya, Baban Tagwaye. Na san kin ce ko inuwata, amma haba, Auta! Tare muka koyi aikin nan a gaban Baba, tare aka mare mu a kan ƙona tiren burodi. Ranar da ciwon maman yara ya tashi, a motar burodinsa aka kai ta asibiti, shi ya tsaya har aka rufe mata fuska. Yau a duk garin nan shi kaɗai ne ke zuwa da la'asar ya zauna a bencina, mu yi ta musu a kan abin da bai shafe mu ba. In na lallaɓa na ceci kaina na bar shi a ruwa, da wane ido zan dube shi? Wa kuma zai sake zama a bencin?

Da na karanta masa takardar taku, har hawaye na gani a idonsa. Ya ce, “Ka yi mini abin da ɗan'uwa na jini ba zai yi ba.” Mun shirya za mu shigo motar farko ranar Talata, mu shiga ofishin naku kafaɗa da kafaɗa, mu miƙa takarda ɗaya mai suna biyu. Kin ce injinku ba ya buga takarda biyu, to ga ɗaya, sai ya san yadda zai yi. Manyanku ai mutane ne, in sun ga tsofaffi biyu sun zo da ƙafarsu ba za su raba mu ba.

Shi ne ma ya kawo shawara mai kyau. Ya ce kar mu ba su littafin ba mu da kwafi, kar wata rana a ce mun rubuta abin da ba mu rubuta ba. Surukinsa yana da injin hoto a shagonsa, don haka ya karɓi littafin yau Juma'a, zai zo da shi tasha. Kin ga amfanin shawara da manya.

Rabon da in ji raina wasai haka tun ranar da masu sikelin nan suka zo. Ki share mana ƙasan ɗakin naki, in motar yamma ta wuce mu sai mu kwana. Shi minshari yake yi, na gaya miki tun yanzu. Zan taho miki da burodi biyu na tsohon nauyi, na musamman.

Sai mun zo.

Yayanki.

*

Auta,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki.

Ranar Talata na isa tasha tun kafin a buɗe rumfar tikiti. Motar farko ta cika ta tashi, ta biyu ma haka. Na taka har gidan Baban Tagwaye, matarsa ta leƙo ta bayan ƙofa ta ce ya yi tafiya tun Lahadi, ba ta san ina ba. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba. Duk da haka ban gane ba, Auta, kin ji wautar yayanki. Cewa na yi ko wani nasa ne ba lafiya. Na shiga mota ta uku hannu rabbana, sai burodinki a leda.

Na sami ofishin naku, na sami kantar, amma wani saurayi mai tabarau na tarar. Na ce ina ƙanwata, ya ce an mayar da ke wani sashe jiya. Na rubuta bayanina a tsaye, ya sa a injin, na ji ƙarar da kike faɗa. Ya miƙo mini 'yar takarda. Lamba ta biyu.

Aka hau da ni sama, ɗaki mai sanyi da dogon tebur. Macen nan mai sikeli ce, da wani. Ba su wulaƙanta ni ba, har ruwa suka ba ni. Sai ta jawo aljihun tebur ta fito da koren littafina a cikin leda mai haske, da lamba manne a jiki. Ta ce, “Baba, wannan rubutunka ne?” Na ce nawa ne. Shafi-shafi muka bi, har wasiƙar dilolin fulawa. Awa uku ina cewa nawa ne.

Da na fito na zauna a gindin katangar da ke kallon ƙofarku har aka tashi. Na ga kowa ya fito, har mai shara, ban gan ki ba. Na ba maigadi burodin na shiga motar ƙarshe.

Yau kwana goma sha tara. 'Yan ƙungiya sun ji na je, ba su ji abokin nawa ya riga ni ba, ko kuwa sun ji sun fi son su ce ni ne. Shugaba ya tofar da yawu da na wuce. Ba mai amsa sallamata. Baban Tagwaye kuwa ya dawo yana gashinsa, in ya hango ni sai ya shige ciki. Da la'asar nakan shigar da bencin, na gaji da mutane suna ganina a kai ni kaɗai.

Wannan ce takarda ta uku da na aiko tun da na dawo, direba ya rantse yana ba ki hannu da hannu. Na rasa aboki, na ji. Ke kuma me na yi miki?

Yayanki.

*

Zuwa ga Yayana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina neman gafararka. Duka ukun sun iso. An hana ni magana da kai har sai an rufe bincike, jiya aka rufe. Yanzu zan faɗa maka komai, in ka ga dama ka yafe.

Ranar Litinin, ana buɗe ƙofa, Baban Tagwaye ne mutum na farko a gabana. Ya sha sabuwar riga. Na yi murna har na miƙe, na ce, “Baba, sannu da zuwa, ina Yaya?” Ya ce kana tafe. Bai dube ni ba, agogon bango yake kallo. Ya ɗora littafin a kan kanta, na gane shi tun kafin ya sake shi, har da tabon botan da ke bangonsa. Na duba takardar neman afuwar, suna ɗaya ne a kai. Takardarka mai cewa za ku zo tare sai da azahar direba ya kawo mini, amma ban buƙace ta ba, na riga na gane.

Ga abin da ya kamata ka sani. A lokacin shugabar sashenmu ba ta iso ba, ni kaɗai ce a kanta. Injin hatimin nan yakan cije, kowa ya sani, a wata sai ya yi sau biyu, mu ce wa mutane su dawo gobe. Da na ce masa inji ya cije, ba wanda zai tuhume ni. Da na sa an nemo ka ko ta halin ƙaƙa, ka kwana a bakin ƙofa, ka riga shi. Duk wannan na lissafa shi, Yaya, takardar tana hannuna. Minti bakwai na yi ina juya ta kamar ina neman kuskure. Shi ma ya san abin da nake tunani, gumi yake ta yi. A bayansa akwai layi, wata mata da goyo tana riƙe da leda tana jiran a zo kanta.

Na sa takardar a inji. Ƙarfe takwas da minti tara.

Ina so in ce maka gaskiya ce ta sa ni, amma ban sani ba, wataƙila tsoro ne. Abin da na sani shi ne, da na riƙe ta, da ban sake iya kallon masu leda a ido ba, kuma su kaɗai gare ni a garin nan. Da shugabarmu ta iso na gaya mata sakataren da ke cikin littafin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce na kyauta, ta mayar da ni ɗakin ajiyar fayil a hawa na uku.

Tagar ɗakin tana kallon katangar. Na gan ka ranar Talata. Na ga ka cire hula ka ɗora a gwiwa, na ga ledar a gefenka. Tun azahar nake tsaye a wurin har ka tashi, sannan na fita ta ƙofar baya. Maigadi ya ba ni burodin washegari. Na kasa ci, na kasa bayarwa, har ya yi fumfuna.

Masu binciken sun rubuta cewa ka ba da haɗin kai, za a yi maka ragin na biyu. Ban san ko zai isa ba. Ina da hutu a ƙarshen wata. In ka yarda in zo, ko shara ce in riƙa yi maka.

Ƙanwarka, in har yanzu kana so.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta.

Hukunci ya fito, ragin bai isa ba. Na sayar da mota da injin kwaɓa, har yanzu da sauran tara a kaina, wa'adi kuma ƙarshen wata ne. Ƙungiya ta watse. Burodi ya koma nauyinsa, har ya fi. Mai shayin kan kwana ya ce mini jiya, “Kai, Hukumar nan ta yi aiki, Allah ya yi musu albarka.” Na ce amin.

Mutum ɗaya ne ya taya tandar, don shi kaɗai ne ba a ci tara ba. Bai zo da kansa ba, surukinsa ya aiko. Na jira sati biyu ko wani zai fito, ba kowa.

Ga takardar cinikin nan a ciki. Rabi naki ne, ba ta tafiya sai da hannunki. Na sa nawa, na yi miki alama da fensir inda za ki sa naki.

Abin da kika yi daidai ne. Na juya shi ta ko'ina, ban sami inda kika yi kuskure ba, kuma da Baba yana raye haka zai ce. Amma kar ki kawo takardar da kanki, Auta. Ki ba direba.

Allah ya tsare.

Yayanki.